Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Notin Libarbar Colt

Malam Noti,

Ina fatan wasiƙar nan ta same ka a raminka, ba cikin yashin filin harbi ba.

Da kai nake, ɗan ƙaramin nan mai riƙe da kuben sandar ture kwanson harsashi a gefen bututu. Tun 1873 da kamfanin Colt na Hartford ya ƙera wa sojan Amurka libarbar Single Action Army kake bakin aiki, amma har yau ba ka iya zama wuri ɗaya ba. Mai bindiga ya ɗana ta da babban yatsa, ya taɓa kunama, harsashin .45 ya tashi, kai kuma ka ɗan murɗe. Kaɗan-kaɗan, babu sallama. Ran nan sai a ga kube da sanda da sifirin sun bi bayan harsashi, ga ƙaton mutum da hular kaboyi yana rarrafe yana laluben ƙasa.

Na san hujjarka: girgizar harbi ce, ga man bindiga da ke silalowa cikin zarenka. An ji. 'Yan'uwanka na mariƙi ma halinsu ke nan. Amma ka tuna da yayanka mai tsare sandar da gangar harsasai ke juyawa a kanta: wajejen 1896 Colt ya sallame shi, ya sa maɓalli mai sifirin a gurbinsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran.

Abin dariyar, maganinka ɗan garinku ne. A Hartford ɗin nan Farfesa Vernon Krieble na Kwalejin Trinity ya haɗa Loctite a shekarun 1950, ruwan da ba ya daskarewa sai ya rasa iska tsakanin ƙarfe da ƙarfe. To ga hukuncinka. Za a fara zazzage harsasai kaf, a kwance ka, a wanke maiƙon jikinka da na raminka da asiton, a ɗiga maka shuɗin Loctite, mai lamba 242, ɗigo guda, ka kwana ba a taɓa ka ba. Wasu da jan farcen uwargida suke wannan aiki, kuma yakan riƙe.

Masu fushi sun ce a zuba maka jan, 271. Ban goyi baya ba. Wannan ɗaurin rai da rai ne, ba ya saki sai an gasa ka zuwa wajen digiri 260, alhali wata rana dole a kwance ka don gyara.

Kuma in faɗi gaskiya, ana zaluntarka. Mutum ya ɗauko sukudireban gyaran rediyo wanda bai cika tsagar kanka ba, ya danna da ƙarfin tuwo, ya fasa maka kai, ya karce ƙarfen bindigar, wani lokacin har zaren ya cinye. Zan yi wa masu bindiga magana su nemi sukudireban da bakinsa ya zauna daram, su kuma riƙa leƙa ka bayan kowane harbi.

Kai dai ka tsaya.

Naka,
Mai neman sulhu