Zai Kwanta da Kansa, Alhaji

Mu masu walda, daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, har 'yan uwanmu na Katako a Yamai, akwai wata ƙarya da muka gada daga iyayen gidanmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya sunkuyar da kai wajen faɗinta ba: "Zai kwanta da kansa, Alhaji." Ana faɗinta ne ranar da fallen sitenles ya yi doro bayan walda, mai kaya yana tsaye yana kallon teburin da ya biya kafin alƙalami a kansa ya koma kaskon tuya.

Kuma fa mun san dalili sarai. Tsare kowane oga a inuwa ka saya masa shayi, zai karanta maka. Sitenles ba halinsu ɗaya da baƙin ƙarfe ba, zafi ba ya gudu a jikinsa sai kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda yake gudu a baƙin ƙarfe, sai ya taru wuri guda, ga shi in ya ji wuta yana buɗewa fiye da baƙin ƙarfe da kusan rabi. Ɗinki ya huce ya tsuke, ya jawo hagu da dama, to fallen da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba ina zai sa kansa? Oga zai ce a fara kama shi ɗigo-ɗigo, a ɗinka kaɗan nan a tsallaka can, a rage wuta, a matse shi tam, a sa jan ƙarfe a ƙarƙashi ya shanye zafin. Karatu har da tafsiri.

To bari a kawo wuta. Da yaro ya yi ihun an kawo, malamin nan namu zai watsar da kofin shayi, ya murɗe inji har ƙarshe, ya ja ɗinki ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan ko numfashi babu, don kada a ɗauke. Ni ma na yi, kai ma ka yi, kada mu tsaya kallon juna.

Sai a shiga gyaran gangar Auzinawa. Ɗinkin ne ya tsuke, shi ya kamata a tara wa ƙarfe a bayansa a bi shi da guduma a hankali har ya saki. Amma ina! Doron ne ya tsone mana ido, shi za mu rufe da duka, alhali kowane bugu ƙara masa faɗi yake yi. Ka danna nan ya ce ɓam ya ɓullo can, kamar murfin gwangwanin madara. A kira yara biyu su hau su tsaya. Wani ya kawo shawarar a gasa, a gasa har wurin ya yi shuɗi ya yi baƙi, a watsa ruwa, a goge tabon da dutsen da aka gurji ƙofar baƙin ƙarfe da shi jiya. Damina ɗaya sai ga tsatsa a jikin ƙarfen da muka rantse ba ya tsatsa.

Laifin wa? Na yaro ne, bai riƙe da kyau ba. In yaro ya je sayen abinci, na dillali ne, ya ba mu sitenles mai lamba 201 a matsayin mai lamba 304. Kuma mu ne muka gwada da maganaɗisu a kasuwa muna gyaɗa kai, alhali duka biyun ba ya kama su, mu ne kuma muka zaɓi mai arahar.

Da la'asar dai za a kife teburin, a ɗora masa tsohon injin babur da bulo uku, a zuba masa ido. In Alhaji ya turo direba, yaro ya san karatunsa: oga ya tafi masallaci.