Masu Hoto Kala-Kala: Daga Yalwan Damai Zuwa Gwaram

Duk mai hoton da ya taɓa aikin ɗaurin aure da hantsi a ƙasar Birnin Kudu ya san babban abokin gabarsa: farar shadda. Kyamara ba ta san ango ba, ba ta san waliyyi ba. An gina ma'aunin haskenta ne ya ɗauki duk abin da ya gani a matsayin toka-toka. Da ta hango babbar riga tana ƙyalli a rana sai ta rage haske, aikin riga ya fito zare-zare, fuskar mai rigar kuwa sai haƙora. In ka ƙara haske don fuska, riga ta ƙone, kuɗin maɗinki ya bi ruwa.

Maganin da 'yan sana'a suka sani shi ne ɗauka uku: ɗaya yadda kyamara ta auna, ɗaya an rage mataki guda, ɗaya an ƙara, daga baya a haɗa su. Mataki guda ninki ne ko rabi: in na tsakiya 1/250 na daƙiƙa ne, mai duhu 1/500 ne, mai haske 1/125. A Canon sunan tsarin AEB, a Nikon BKT. Dabarar ma ta tsufa, don tun shekarun 1850 Bafaranshe Gustave Le Gray yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. Ɗaukar ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa da daddare, in an juye ɗaruruwan hotuna a kwamfuta ana neman wane ne ɗan ɗakin wane. A nan halin kowa yake fitowa.

Baba Mai Littafi. Ya fara sana'a tun Jigawa tana cikin Kano, kafin 1991, zamanin fim mai hoto 36 da sai an kai birni a wanko. Har gobe kowane latsi kuɗi ne a wurinsa. Littafin 'yan makaranta yana aljihun gaba, biro yana saƙale a hula. Ya ɗauki uku, ya rataye kyamara, ya rubuta: "0412 zuwa 0414, dangin ango, gindin darbejiya." Lissafinsa bai taɓa kuskure ba. Sai dai kafin ya rufe biro an shafa fatiha, an raba goro, maroƙi ya gama shela, ango yana mota.

Mai Tafin Hannu. Shi ba ya rubutu. Kafin ya fara jeri sai ya ɗauki hoton tafinsa, in ya gama ya ɗauki dunƙulen hannu. Duk abin da ke tsakanin tafi da dunƙule jeri ɗaya ne. Dabara ce mai kyau, kuma masu hoto a ƙasashe da dama suna yin ta. Ranar wuya ita ce ranar da ya aiki yaro wurin wanki da kati, ya manta bai yi masa bayani ba. Sai ga gwaggon amarya riƙe da albam tana tambaya: "Malam, wannan hannun da yake ta fitowa, a dangin ango na wane ne? Ko rantsuwa yake yi mana?"

Sarkin Mantuwa. Ya kunna tsarin uku don hoton taro, ya gama, ya manta bai kashe ba. Kyamarar kuma tana kan ɗauka ɗaya-ɗaya, don haka kowane latsi mataki ne a jeri, kuma jerin Canon na asali shi ne daidai, duhu, haske. Ya ɗauki maigida, ya fito daidai. Ya juya kan uwargida, ta fito a duhu. Ya juya kan amarya, ta fito tana walƙiya. Duk bayanin da zai yi kan 1/500 ba mai saurara. Uwargida ta riga ta yanke hukunci: an ba shi wani abu.

Yaron Shago Mai Tsafta. Wannan ba mugu ba ne, son taimako ne ya yi masa yawa. Maigida ya hau Dutsen Habude, inda tsoffin zanen shanu suke cikin inuwar kogo, waje kuma rana tana ƙwallewa. Ya kafa kyamara a ƙafarta uku, ya ɗauki jeri-jeri don ya haɗa su, zane ya fito, dutse ma ya fito. Ya dawo, ya tafi masallaci. Yana dawowa yaro ya tare shi da murmushi: "Maigida, na rage maka aiki. Duk lalatattun nan, masu duhu da waɗanda suka ƙone, na goge. Kati ya samu wuri." Daga Yalwan Damai zuwa dutsen akwai kuɗin mai, kuma a albashin yaro za a nemo shi.

Mai Turawa Ta Waya. Kowane hoto yana ɗauke da bayani a ɓoye da ake kira EXIF: ranar ɗauka, daƙiƙar ɗauka, da yawan hasken da aka rage ko aka ƙara. Manhaja irin Lightroom takan dubi lokacin ta tara kowane jeri wuri ɗaya. Shi kuwa wannan bawan Allah sai ya tura wa mai gyara ta WhatsApp, wanda yake matse hoto, ya cire bayanin, ya raɗa masa sabon suna. Ƙanensa a sana'a shi ne mai zuba komai a jaka ɗaya. Bai san lambar hoto in ta kai 9999 tana komawa 0001 ba, kuma duk tambayar da kwamfuta ta yi masa amsarsa "e". Haka taron suna a Kiyako yake hawa kan walimar Gwaram ya shafe ta.

Ɗan Zamani. Shi dariya yake wa kowa. Tecno ɗinsa tana da HDR, ita ke ɗaukar da yawa a ƙiftawar ido ta haɗa da kanta, ba littafi, ba tafin hannu. Gaskiyarsa, muddin kowa ya tsaya cak. Amma a kasuwar Sara wa zai ce wa akuya ta tsaya? In ta gifta tsakanin ɗauka da ɗauka, wani lokaci sai ta fito da inuwar kai na biyu. Sai ya share allon da gefen riga ya ce: "Matsalar sabis ce."

Hajiya Mai Zaɓe. Ita ba ta riƙe kyamara, amma ita ke biya, don haka ita ce alƙali. Mai hoto ya kwana yana haɗa ukun, leshi ya fito, fuska ta fito, har zanen lalle ana gani. Kuskurensa ɗaya, ya bar ta ta leƙa kwamfuta. Idonta ya sauka kan na ukun, wanda haske ya wanke tas.

"Yauwa ɗan nan, ga ni nan. Wannan za ka wanke."

"Hajiya, ai wannan na haɗi ne. Duba, hancin ma ya ɓace."

"Hanci na ce ka ɗauka? Babba za ka yi min, na bango."

Kafin sati ya zagayo ƙawayenta sun yi layi a shago, kowa tana son irin na Hajiya. Mai hoto ya dubi littafin bashi, ya dubi kuɗin haya, ya ƙara wa kyamara mataki guda ya bar ta a nan. Yanzu a yinin biki sau ɗaya yake latsawa, kuma shi ake kira gwani.