Bazazzage, Ka Sakar wa Yarima Ali Mara

Bawana ɗan Zariya, labari ya iso ni cewa ka miƙe ƙafa a majalisa kana yanke hukunci, wai wasan Beyond Oasis tsohon yayi ne, ba mai hankalin da zai ɓata lokacinsa a kai yau. Kai da iyakar saninka da Sega shi ne Mortal Kombat, shi ma maɓalli ɗaya kake ta dannawa har yara su kore ka daga benci a gidan gem. Yaushe aka naɗa ka alƙali?

Gyara zama in karantar da kai, tunda ku 'yan birnin ilimi ba ku yarda da magana sai an jero muku shekaru. Kamfanin Ancient na Japan ne ya yi wasan, Sega ta fitar da shi a kan Mega Drive a Disambar 1994, ya isa Amurka da Turai a 1995, inda Turawan Turai suka san shi da The Story of Thor. Rashin sa'arsa shi ne ya makara: Saturn da PlayStation sun riga shi fitowa da 'yan kwanaki, idon kowa ya koma can. Ancient ɗin kuwa kamfanin gidan su Yuzo Koshiro ne, mutumin da ya yi kiɗan Streets of Rage, wanda kake gyaɗa wa kai ba ka san mai shi ba.

A cikin wasan, Yarima Ali ya tono kambun zinariya, wani kuma yana ɓarna da na azurfa. Labarin ke nan, ba shi da wani zurfi, na ba ka wannan. Daɗin yana wajen aljanu huɗu da kambun ke kira, don ba daga aljihu ake zaro su ba. Sai ka haska kambun a kan ruwa Dytto ta fito ta warkar da kai, ko da ɗigo ne daga rufin kogo. Efreet, wato Ifiritun da ka sani, sai da wuta, kuma in babu fitila a kusa, jefa bam ka kira shi daga fashewar. Shade yana fitowa daga madubi ko ƙanƙara, Bow daga tsiro, ya gatsa ƙofar ƙarfe ya buɗe maka hanya. Muddin aljani yana tare da kai ƙarfin kambun raguwa yake yi. Saboda haka kowane ɗaki ka shiga dole ka tsaya ka duba abin da ke ciki, ka yi lissafi. Nan ne fa aka bar ka a baya, bawana. Wasannin yanzu kibiya suke zana maka a allo, ka bi ta kamar raƙumi da akala.

Yawancin takubba da baka suna ƙarewa bayan an mora su, 'yar wuƙar Ali kuwa ba ta karyewa. Mu Kanawa mun san tattali, wannan bai dame mu ba.

Aibun wasan na gaskiya tsalle ne. Daga sama ake kallon filin, sai ka ɗauka ka daidaita ƙafa, ka zarce rami. Na kuma ji ƙishin-ƙishin a nan ka ajiye wasan ka ce ba shi da kyau, alhali Shade aikinsa ke nan, ya cafo wanda ya faɗa. Kiɗan wasan ma ba na rawa ba ne, wasu masoyan Koshiro sun yi tsaki.

Yana cikin Mega Drive Mini ta 2019, ba ka da uzurin cewa kaset ɗin ya ɓace. Na ba ka zuwa cika-ciki ka gama shi. In ka kasa, zan faɗa maka a gaban jama'a wanda ke sanye da kambun azurfa, kuma kuɗin sharata na bana ninki biyu ne.