Gaisuwar Ban Girma Ga Gimbiya Takardar Rantsuwa

Allah ya ja zamanin Takardar Rantsuwa, gimbiyar bakin kotu, uwa mai haihuwar ƙato da gemunsa ba tare da naƙuda ba, gagarabadau mai sa kalanda ta durƙusa ta yi gaisuwa! Likitocin Jamus da Indiya sun ƙarar da basirarsu wajen neman maganin tsufa, abin da suka kawo bai wuce man shafawa da baƙin rini ba. Ita kuwa da hoton fasfo biyu, da hatimi, da sa hannun kwamishinan rantsuwa, take zare wa dattijo shekara bakwai. Mutum ya baro Tsafe da hantsi yana da 58, ya shigo Gusau, ya koma gida da la'asar yana da 51, bai sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Wa zai ceci ma'aikaci in ba ke ba, ranki ya daɗe? Dokar aikin gwamnati, da taurin zuciyarta, ta ce wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki ya tattara ya ba da wuri. A daidai lokacin da bawan Allah ya gane daɗin kujera, kujera ma ta gane shi! Sai ki miƙo hannun jinƙai. Albarkacinki muka sami dattijon da ke ba da labarin bikin 'yancin kai na 1960 kamar jiya aka yi, alhali fayil ɗinsa ya shaida an haife shi a 1973, shekarar da naira ta gaji fam. Albarkacinki ƙane ya girmi wansa, ɗan fari ya kusa kamo mahaifinsa. Akwai gwarzon da in ka bi takardunsa a tsanake za ka tarar ya shiga aji ɗaya yana goye, a zamanin da sai yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne ake rubuta sunansa.

Mahassada dai ba sa barci. Gwamnatin Dauda Lawal ta kafa kwamitin tantance ma'aikata, a farkon 2025 aka bayyana abin da ya gano: ma'aikatan bogi 2,363, mutum 1,082 da lokacin ritayarsu ya yi, da ƙananan yara 220 da ke karɓar albashi duk wata. Maimakon a buga tambari, sai aka kira abin badaƙala. Wace jiha ce a faɗin tarayya za ta nuna yara 220 da suka kama aiki tun ba su gama haddace jadawalin sau ba? Ana kukan matasa ba su da aikin yi, ga waɗanda suka yi sammako, an tare su a ƙofa.

Ai shekaru a hannun gwani ba ragewa kaɗai ake yi ba, har ƙari ana yi. A 1999 Salisu Buhari na Kano ya hau kujerar Kakakin Majalisar Wakilai yana da 29, takardunsa na cewa 36, lokacin da tsarin mulki ke neman 30. 'Yan jarida suka tono, suka haɗa da digirin bogi na Jami'ar Toronto, ya sauka cikin hawaye, daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa. A 2018 aka sauko da ƙa'idar zuwa 25. Ashe laifinsa ɗaya ne, ya riga ƙasarsa hangen nesa da shekara 19.

Babbar maƙiyiyarki, gimbiya, ita ce na'urar nan marar kunya da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. A 2016 ta kori 'yan ƙwallo 26 daga tawagar ƙasarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 ana dab da karawa da Nijar. Ƙashi bai yi boko ba, bai san darajar hatimi ba, abin da ya gani shi yake faɗa. Allah ya sa kada wani mai shisshigi ya sayo ta ya girke a ƙofar sakatariya.

Haka nan Hukumar Ƙidaya, da ta dogara da wata doka ta 1992, take bin asibitoci tana rubuta ranar haihuwar jarirai. Wannan ɗaurin rai-da-rai ne. Jariri bai san ko soja zai shiga ba, bai san ko yajin aikin jami'a zai kai shi gaban 30 ya rasa bautar ƙasa ba, an riga an ɗaure shi da rana ɗaya tal. Madalla da iyayen Bungudu da ƙauyukan gindin dutsen Kwatarkwashi da ke barin gurbin a buɗe, yaro ya girma ya zaɓi abin da ya dace da buƙatarsa. Galibi kuma 1 ga Janairu ake zaɓa. Allah ya saka wa ungozomomin da suka yi aikin wannan rana da alheri, don rabin gari suka karɓa a dare guda.

Adalcinki kuwa ya wuce misali. Tsohuwar da aka rubuta wa Hauwa a banki, Hauwa'u a katin ɗan ƙasa, har asusunta ya kulle da kuɗin da ɗanta ya turo, layi ɗaya take bi da daraktan da ya zo sabunta ƙuruciya. Sai dai shi ana kai masa har mota, saboda girmama tsufan da ya zo gogewa.

Wasu malamai na tada jijiyar wuya, wai a Gusau, garin da aka ƙaddamar da shari'a a 1999, bai kamata rantsuwar ƙarya ta zama sana'a ba. Allah gafarta malam, rantsuwar da littafi ya tsoratar a kanta da baki ake yin ta. Wannan kwamfuta ce ta buga, mai ita sa hannu kawai ya yi.

Su kuma yaran da suka gama Jami'ar Tarayya ta Gusau suke jan keke napep suna jiran a sauka su hau, su ƙara haƙuri. Kafin kujerar ta samu za su wuce shekarun ɗaukar aiki, a nan ne za su gane gimbiya ba ta manta da su ba, tana nan bakin kotu tana jiran su.

Don haka muna roƙon iyayenmu, Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bungudu, su dubi hidimar wannan baiwar Allah su naɗa mata sarauta. In majalisa ta nemi sanin shekarunta, a gaya mata adadin da ake buƙata, a ba ta rabin awa.