Inda Saniya Ta Maƙale Bara

Ɗan ƙanwata ne ya ja min. Yaron yana karatu a Sikotland, kuma tun da aka ba su hutu ya addabi zauren WhatsApp na gidanmu da hotuna. Yau yana tsibirin Skye a gindin duwatsu, gobe yana Harris kan farin yashi, ba kowa sai tumaki, jibi yana Barra, inda jirgin sama ke sauka a kan yashin bakin teku idan ruwa ya janye. Matan gida sai "masha Allah" suke zubawa. Na ce to, mu ma a Abuja ai ba mu rasa ruwa da duwatsu ba.

Ranar Asabar na sa farar shaddata ta Sallah, na kafa zanna bukar, na bi ta Dutsen Alhaji na kama hanyar Bwari, na ratse Ushafa. Ƙauyen ba abin rainawa ba ne, don har Bill Clinton ya zo ganin tukwanen matansa a shekarar 2000, yana kan kujerar shugabancin Amurka. Kusa da shi kuma ga madatsar ruwan Usuma da Abuja ke sha, duwatsu sun kewaye ta. Watan Maris ne, ruwa ya ja baya, ya bar fili shimfiɗe, ya bushe har ya tsattsage. Lissafina mai sauƙi ne: in bakin ruwa zai ɗauki jirgin sama da fasinjojinsa, ba zai gaza da magidanci mai kilo 90 ba.

Na miƙa wa wani yaro wayata, na ce ya ɗauke ni idan na isa bakin ruwa. Ban isa ba. Ƙasar ta ce ɓurum, ƙafar dama ta shige. Na dafe da ta hagu don in zaro ta, ita ma ta bi 'yar uwarta. Ashe ɓawon sama ne kawai ya bushe, ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai sanyi da wari. Kafin in gama salati ta kai min cinya.

A gefe akwai wani tsoho zaune a bakin kwalekwalensa yana gyaran koma. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Sannu Alhaji. Ka shiga ke nan?"

"Baba, a taimaka!"

"To, kada ka nutse dai."

Na ce masa ba da son raina nake nutsewa ba. Ya ja zare da haƙori, ya tsinke, sannan ya dube ni da kyau.

"Da ta can ka bi, wajen dutsen nan, da yanzu kana tsaye lafiya lau."

"Baba, yanzu fa? Yanzu ya zan yi?"

"Yanzu kam ka riga ka shiga. Nan ne ma wata saniya ta maƙale bara. Daidai inda kake ɗin nan."

Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce, "Ita ya aka yi ta fita?"

"An ci nama."

Ya tura yaro ya kira masunta, shi kuma ya ci gaba da jagorancin aikin daga zaune. Ya ce in daina motsi. Da na daina, ya ce ai zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in riƙa ɗan motsawa. Ya ce in cire hula don nauyi ya ragu. Na cire. Sai ya kawo shawarar da ta kashe ni.

"Naɗe rigar nan, Alhaji. Shadda ce mai tsada, kada laka ta ci ta."

Na tattare ta har hammata, na ƙulle a ƙirji.

Samari suka iso da igiya, suka jefo, na zarga a hannu. Daidai lokacin ne ayarin masu hawan dutse na ƙarshen mako ya sauko, galibinsu mata, kowace da gorar ruwa da waya. Suka yi cirko-cirko. Samarin suka ce "Ɗaya, biyu," suka fizga.

Na ji zariyar wandona ta ce ɗas. Wallahi na ji ta. Na buɗe baki in ce a dakata, amma hannuwana biyu suna kan igiya, kuma huɗu ne ƙartan da ke ja. Laka ta riƙe wando, igiya ta riƙe ni, kowa ya ɗauki rabonsa. Na fito sulɓ kamar tarwaɗa, na zo ina jan ciki har gaban jama'a. Riga tana ƙulle a ƙirji tsaf, ba ɗigon laka ko ɗaya, yadda Baba ya tsara. Daga nan zuwa ƙasa kuwa sai gajeren wando ja mai tambarin Arsenal.

Shirun da aka yi shi ne ke hana ni barci. Ba wanda ya yi dariya tukuna. Ina kwance rub da ciki, ina kokawa da ƙullin rigar da ya ƙi kwancewa, sai na ji wata ta ce a hankali, "Ayya, ashe ɗan Arsenal ne." Wata ta amsa, "Sun saba da haƙuri." Yaron da na ba waya kuma yana nan tsaye, ya saita ni, bai fasa aikin da na sa shi ba.

Da na samu na saki riga, na juya kan tsohon.

"Baba, kana kallo na nufi wurin nan, ba ka ce min komai ba?"

Ya ɗaga komarsa yana duba wata ɓula.

"Yo na ga ka sha farar shadda, ka taho gadan-gadan. Na ɗauka injiniya ne daga Abuja, ya zo auna zurfi."