Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Maɓallin Intanet Na Saman Waya

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maƙwabtanka na cikin labulen nan da ake jawowa daga saman waya: tocila, bulutut, ɗan jirgin sama da mai juya allo. Daga Tagwai nake rubuto maka, nan gefen Chanchaga a Minna, inda madatsar ruwan da garin ke sha take. Wataƙila ba ka taɓa jin sunanmu ba. Mu kuwa mun san ka farin sani, don babu wanda babban yatsanmu ke kai wa ziyara a yini kamar kai.

Dalilin wannan takarda ƙorafi ne, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Da can ku biyu ne, waifai da data, kowa da mazauninsa. A ja labule, a danna sau ɗaya, data ta mutu, a mayar da waya aljihu. Sai a watan Oktoban 2021 kamfanin Google ya fito da Android 12, ya haɗe ku wuri guda, ya raɗa maka suna Intanet. A wannan Android ɗin, mai riƙe da wayar da ke bin tsarin Google sak, irin su Pixel da Nokia, in ya danna ka ba abin da ke mutuwa. Wani ɗan allo ne ke tasowa daga ƙasa da jerin sunaye, sai ya laluba ya nemo ɗan makunnin data ya taɓa, wani lokaci a tambaye shi ko da gaske yake, sannan ya danna ya rufe allon. Aikin taɓawa ɗaya ya koma uku ko huɗu, ba gaira ba dalili.

To, na ce ba dalili, amma a gaskiya an ba da dalili, kuma shi ne ya fi ba ni dariya. Masu tsara ka sun ce sun lura mutane na kashe waifai idan ya yi rauni, sai su manta ba su sake kunnawa ba, datarsu ta yi ta zuba. Wato don a tausaya wa datarmu aka yi wannan aiki. Madalla, Allah ya saka. Sai dai mutumin da suka gani a ransu mutumin Mountain View ne a Kalifoniya: waifai a gida, waifai a ofis, waifai a shagon shan gahawa, data kuwa ta 'yar tafiyar da ke tsakani ce. Yallaɓai, zo Tagwai ka zaga gida gida ka nemo mini waifan da za a manta ba a kunna ba.

Mu a nan data ita ce intanet ɗin gaba ɗaya, kuma aunata ake yi. Ranar 20 ga Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, karo na farko tun 2013. Tun kafin ƙarin ma ɗabi'armu ke nan: a kunna, a duba saƙo, a kashe. Akwai wanda ya haddace *323# fiye da lambar matarsa, don da ita ake duba abin da ya rage. Kashe data a wurinmu tattali ne na kullum, sau ba adadi daga safe zuwa dare, kuma shi ne ka je ka ɓoye a bayan ƙofa.

Ka taɓa ganin mai suyar kifi tana duba ko kuɗi sun shigo? Mai saye ya ce ya tura, yana tsaye, ledarsa a hannu. Yatsunta duk mai da yaji, don haka da gaɓar ɗan yatsa take jan labule. Allon ya tsage a kusurwa, rana ta haske shi, kifi na neman ƙonewa a kasko. Ta danna ka, allo ya taso, ta kuskure makunnin ta taɓa wani suna daban, waya ta nemi lambar sirri ta waifan wani da ba ta sani ba. Ta koma baya, ta sake. Kuɗin sun shigo, alhamdu lillahi. Amma sai ta ajiye wayar ta juya kifi, ba ta bi ta wannan doguwar hanyar ta kashe ba. Kafin la'asar WhatsApp ya sauke mata bidiyon bikin da ba a gayyace ta ba, daga zauren 'yan ajinsu na firamare. Ka ga ke nan mantuwar da aka ce an zo magancewa, ita aka ƙirƙiro mana, sai dai ta ɗaya gefen.

Wani abin da ba ku gane ba shi ne, waifan namu ma yawanci data ce ta sake riga. Ƙane ne ya buɗe wa yaya hosfot ya tura takarda, ko ɗalibin jami'ar Gidan Kwano ya kunna 'yar na'urarsa ta aljihu abokan ɗaki suka rataya. Waya kuwa da ta ji an ce waifai, sau da yawa sai ta saki jiki, ta ɗauka gidan biki ta shigo: ta hau sabunta manhajoji, ta hau kwashe hotuna tana kaiwa ma'ajiya. Kuma ba ta mantuwa. Gobe ƙanen na buɗe hosfot don kansa, wayar yaya daga cikin aljihu za ta lallaɓo ta manne. Zumunci nawa wannan ya taɓa, Allah kaɗai ya sani.

Kada ka ce kai kaɗai na sa a gaba. Ɗan uwanka na gidan Apple ya riga ka lalacewa. Tun Satumban 2017, da fitowar iOS 11, wanda ya danna waifai ko bulutut a labulen iPhone bai kashe komai ba. Wayar na sakin abin da take haɗe da shi ne kawai, na'urar kuwa tana nan a farke, don AirDrop da agogon Apple su ci gaba da aiki. Ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta soki abin tun a watan Oktoban shekarar. Ga inda abin ya fi armashi: da ƙarfe 5 na asuba waifan ke komawa bakin aiki da kansa, haka ma in ka canza wuri ko ka sake kunna wayar. Ƙarfe biyar! Ladan na gyaran murya, mai gida na laluben buta, waifai har ya tashi ya shiga neman wanda zai manne wa. Da samarin unguwarmu na da rabin wannan himma, da sahun asuba ya fito har waje.

Bulutut ma an koya masa wannan hali a Android. A 2024 aka mayar da maɓallinsa mai buɗe allo irin naka, sannan Android 15 ya zo da zaɓin da zai sa ya kunna kansa washegari. Can cikin saitin wuri kuma akwai wasu makunnai biyu da ke ba waya damar ci gaba da shinshinar waifai da bulutut ko da an kashe su. Mutum nawa ne a Kasuwar Kure suka san da zamansu?

Zan yi maka adalci. Na san bulutut na zamani ba ya shan caji kamar na da. Na kuma san dalilin son a bar shi a kunne: tsarin neman wayar da ta ɓata, wanda Google ya faɗaɗa a Afrilun 2024, da shi yake aiki, wayoyin mutane na jin ƙyas ɗin juna suna ba da labari. Duk wanda aka taɓa zare wa waya a cunkoson Mobil a nan Minna ba zai raina wannan ba. Amma a jiharmu da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ake mata kirari da jihar lantarki, mu kuma muke kai waya shagon caji muna karɓar 'yar lamba, ko kashi biyu cikin ɗari na batir abin lissafi ne. Kuma ko ba caji, ai tambaya ake yi. Wayar tawa ce, da kuɗina na saya.

Mu maƙwabtan dam mun san famfo. Ba kullum yake kawo ruwa ba, wannan wata wasiƙar ce daban. Amma bai taɓa yi mana ƙarya ba: in ka murɗa ka rufe, ya rufu. Ka yi tunanin famfon da za ka rufe da dare ya ce maka to, sai da asuba ya buɗe kansa saboda wani injiniya a wata ƙasa ya yanke cewa mutane na mantuwa ba su buɗe ba, alhali ruwan da ke cikin tankin jarka jarka ka saya a wurin 'yan ga-ruwa. Ko kwana biyu ba zai yi a gidan ba za a kira mai gyara ya cire shi.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa ba dole ba ne, Samsung bai bi wannan hanya ba, ya bar data da waifai kowa da maɓallinsa, kuma sama ba ta faɗo ba. Shi kansa Google, a Satumban 2025, ya mayar wa bulutut taɓawa ɗaya a wayoyin Pixel. Ashe ana jin kuka. Sai dai gyaran da aka yi a sabuwar waya ba ya iso mu da wuri. Yawancinmu na hannu muke saye a Obasanjo Complex, waɗanda suka gama zamaninsu a Landan ko Dubai, kamfani ya daina aiko musu sabuntawa. Duk halin da aka sa maka a 2021, da shi za mu zauna har allo ya mutu.

Saboda haka ga roƙona, ka isar wa iyayen gidanka. A raba ka biyu kamar da, data daban, waifai daban, har a tsofaffin wayoyi. In an danna kashewa, a kashe ɗin, kada a yi mana lumshe ido. Wanda ke son wayarsa ta riƙa tashi da asuba tana kunna kanta, a ajiye masa zaɓin ya je ya kunna da hannunsa. In kuma ana shirin sake taɓa labulen nan, a turo mutum ɗaya ya zo ya yi mako guda a Tagwai da datar naira ɗari biyar. Masauki da tuwo a wuyanmu, amma ba mai buɗe masa hosfot.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai sayen data da kuɗinsa,
Tagwai, Minna, Jihar Neja.