Ranar da Na Saki Karfasa a Gashuwa

Laifin waya ne. In zafi ya hana barci nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi ta kallon YouTube, a nan na ci karo da wani Bature ɗan Ingila zaune a bakin kogi, inuwa ta ko'ina, yana jefa fatsa. Kifin da yake nema mai gashin baki ne irin na tarwaɗa, ga kuma ɓawo a jiki kamar karfasa. In ya kama sai ya auna, ya ɗauki hoto, ya shafa masa baya kamar jinjiri, ya mayar da shi ruwa. Har da ƙorafi, wai ana zafi, digiri 28. Na dubi fankata da ta tsaya cak, na ce wannan bawan Allah bai san Nguru a watan Afrilu ba. Ya kuma ce a ƙasarsu doka ta hana irin wannan kamun a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, don kifi ya hayayyafa. Wannan maganar na ji ta, na bar ta inda na ji ta.

Na aika Kano aka sayo mini sandar fatsa ta zamani, mai ɗan injin naɗe zare a gindi. Kuɗinta kuwa a bar kaza cikin gashinta, uwargida na iya karanta wannan.

Za ka ce me ya kai ni Gashuwa alhali ga tafki a Nguru, wanda tun shekarar 2000 aka sa shi da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin Ramsar na duniya. Dalili biyu ne. Na farko kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa har kwale-kwale ma sai da adda yake ratsawa. Na biyu, wanda shi ne na gaskiya, shekara goma sha biyar ina koyarwa a garin nan, babu bakin ruwan da zan tsuguna ban haɗu da tsohon ɗalibina ba.

Na hau mota, muka wuce Jajimaji, na sauka Gashuwa wajen sha ɗaya da rabi. Kogin Yobe da na sani a ƙarshen damina, ruwan Hadeja da na Jama'are sun haɗu yana tafe yana tumbatsa, sai na tarar ya rame, yashi ya fito fili, ruwa ya koma gurbi-gurbi. Wani dattijo na ƙarƙashin bishiya yana ɗinkin kalli. Na yi sallama. Ya dubi sandata, ya dubi rana, ya dube ni.

"Malam, eriya ake gyarawa?"

Na ce su na zo yi, Baba.

"Yanzu?" Ya ajiye allurarsa. "Ɗana, kifi ma yana da hankali. A wannan rana yana can ƙasan gurbi ya yi lamo. Ka zo da asuba ko bayan la'asar. Gaiwa ma, da ta fi kowa haƙuri, ta shige laka tana jiran damina."

Daga nan ya ɗauko tarihi. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, ruwa kan malale fadamu ya daɗe, kifi ya bi shi ya yi ƙwai, in ruwa ya fara ja sai kowa ya cika kwando. Ya lissafa mini giwan ruwa, bargi, ragon ruwa, tsage. Ya ce in su nake son gani in je bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, in ga maza a kan gora da homa. Na gode masa da ladabi irin na wanda ya riga ya yanke shawarar ƙin ji.

Na buɗe gwangwanin masara, don da ita Baturen ke yaudarar kifinsa. Kafin in gama ɗaura ƙugiya, yaran da suka kewaye ni sun yaudari rabin gwangwanin. Ɗayansu ya tausaya mini ya haƙo tana a gefen laka.

Jifan farko ya kama hulata. Na biyu ya tsallake gurbin ya sarƙe a kallin wani masunci, na biya kuɗin gyara. A na uku zare ya motsa, na jawo, sai ga ɗan ƙurungu yana gurnani kamar mai zagi. Na kai hannu yadda na ga ana yi, ya kafe ƙayoyinsa, ɗaya ta shige tafina. Yara suka yi shewa.

Azahar ta yi. Takalmin roba ya yi laushi a ƙafata, ruwan gorata ya zama na haɗa shayi. Can na jawo wani kifi mai santsi, ƙiba ɓul-ɓul, da ɗigo-ɗigo a jiki. Na ji Baba ya ce "Kada ka…" amma hannuna ya riga bakinsa. Wutar lantarkin da na kwana uku ina jira a gida, ashe tana cikin kogi. Na yi salati, na zauna daɓas a laka. Minjirya ce. Baba bai yi dariya ba, sai dai kafaɗunsa sun daɗe suna rawa.

Dab da la'asar Allah ya dube ni. Karfasa, ta kai faɗin tafin hannu biyu, tana walƙiya. Na ciro waya don hoto, ta nuna mini zafi ya yi mata yawa, ta mutu. To, ko ba hoto ai akwai sauran ƙa'ida. Na shafa wa karfasar baya, na durƙusa, na sake ta.

Wurin ya yi tsit. Baba ya miƙe tsaye.

"Malam, subucewa ta yi?"

Na ce a'a, haka ake yi a Ingila.

"Su a can ba sa yin miya?"

Ban kai ga amsa ba wani yaro ya watsa birgi a daidai inda na sake ta. Gurbin duka bai fi ɗakin kwanana ba, ina za ta je? Ya jawo, ga ta nan, da hujin ƙugiyata a leɓe. Ya ce in ina so in saya. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya sallama. Baba ya shaida cinikin.

Labari ya riga ni isa Nguru, don direban da ya kai ni yana wanke mota a bakin ruwan. Kafin in shiga gida unguwa ta rabu biyu: masu cewa wani malami ne ya ba ni laƙanin neman ƙarin girma, da masu cewa rana ce ta taɓa ni. Uwargida ta karɓi karfasar, ta juya ta, ta dubi hannuna da ya kumbura, ta tambayi nawa aka kashe daga sanda zuwa mota zuwa kallin mutane. Da na faɗa, sai ta ce da kuɗin nan da an cika kwali da banda har a kai wa surukai.

Sandar na nan. An ɗaura mata tsumma a kai, da ita ake share yanar gizo-gizo a silin.